Kanumfarin Bapa

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na iso. Tun daga bakin lungu na hango takalma jibge a ƙofar gidanmu, na ce shi ke nan, ban riski Bapa mahaifinmu ba. Ashe yana nan. Masu takalman ɗalibansa ne, sun zo kallon malaminsu yana tafiya a hankali.

Bhaina, wato yayana Niranjan, ya tare ni a tsakar gida. Ko sannu da hanya bai ce ba.

"Jhunu, ki yi wanka kafin ki shiga wurinsa. Daga Katak kike, kuma daga wancan gida."

Wancan gida shi ne gidan mijina, inda ake cin albasa. Shekara ashirin da ɗoriya ina aure, har yau sunan gidana wancan gida.

Na yi wankan na shiga. Bapa ya tsotse, gefen bakinsa ya zube tun ranar da ya faɗi a bakin rijiya. Ɗakin zarni yake, an bi shi da turaren tsinke, su biyun sun haɗu sun zama wani wari na uku. Na taɓa ƙafarsa. Ya dube ni yadda ake duban bango, ya ce, "Basi."

Bhaina ya lumshe ido. "Kin ji ko? Bou yake kira."

Bou ita ce mahaifiyarmu. Basanti sunanta, danginta Basi suke ce mata, kuma ta shekara shida a ƙasa, ko in ce a toka, tunda mu ƙona gawa muke yi. Kalmar nan ɗaya ita ta rage a bakin mutumin da ya yi shekara arba'in yana karantar da mutane littattafai.

Ba ya cin abinci. Abin da ba su faɗa mini a waya ba ke nan.

Talata, 15 ga Afrilu, da hantsi

Minati matar Bhaina, wadda nake kira Bhauja, ta kawo shinkafa da madara, sabuwar sauka, man shanu yana yawo a kai. Ta kai cokali bakinsa, ya datse haƙora. Ta lallaɓa ta tura kaɗan, ya turo shi da harshe ya gangara cikin wuyansa. Ta goge, ta ajiye kwanon, ƙudaje suka yi godiya.

Na ce, "Bhauja, ba a gwada masa wani abu daban ba?"

"Kamar me?" in ji ta. "Abin da ya halatta gare shi ke nan."

Na san karatun, ba sai ta tuna mini ba. Kafin in san hagu da dama na san duniya igiya ce mai tufka uku. Sattwa, haske da natsuwa. Rajas, zafin nema da rawar kai. Tamas, duhu da nauyi da ruɓa. Mutum, abinci, barci, har dariya, kowanne da tufkar da ta fi yawa a cikinsa. Madara da sabuwar shinkafa sattwa ne. Barkono da tsami rajas. Albasa, tafarnuwa da duk abin da ya kwana a tukunya, tamas. Mu ma Bapa ya raba mu kamar wake da tsakuwa: Bhaina sattwa tun yana goye, ni kuwa rajas ce, wai tamas na kwance a gindina kamar ƙanzo.

Babban abin shi ne na ƙarshe. Tufkar da mutum ya mutu tana rinjaye a jikinsa ita ke zaɓa masa haihuwa ta gaba. Sattwa ta kai shi sama, rajas ta dawo da shi cikin masu fafutuka, tamas ta jefa shi cikin dabba. Saboda haka a gidan nan ba wanda ke tambayar ko Bapa zai tashi. Tambayarsu a cikin me zai tafi.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da rana

Cokali uku na ruwa. Basi, Basi.

Juma'a, 18 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Likita ya zo daga Jajpur. Ya faɗi abin da ya faɗa a bayan ƙofa, ba zan rubuta shi ba. Amma ya ce maƙogwaron lafiya lau yake, Bapa na iya haɗiya, ƙi yake yi. In an yarda a sa masa roba ta hanci a riƙa zuba masa abinci.

Bhaina ya ce, "Abin da za a zuba, wa ya dafa shi?"

"Ba dafa shi ake yi ba, a gwangwani yake zuwa."

"Tun yaushe yake cikin gwangwanin?"

Likita ya dube ni. Na dubi ƙasa.

"To ka gani," in ji Bhaina, kamar wanda ya ci muhawara.

Bayan tafiyarsa na ce Bhaina, yunwa fa za ta kashe shi. Ya ce ba yunwa ba ce, sakin duniya ne, jikin da kansa yake tace kansa. Yana faɗa yana gyatsar man shanu. Kwano biyu na abincin rana ya tashi da su, na gani da idona, ya kuma bi da alewar madarar da ɗalibai suka kawo wa mara lafiya. Tir.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma

Ranar 'yan kallo. Sun cika baranda har ba wurin tofar da yawu. Shugabansu Gadadhar Babu, wato malam Gadadhar, tsohon ma'aikacin gidan waya, shi ke shigar da su biyar biyar. Kowa ya kifa goshi a ƙafar Bapa, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Wata mata ta dangwali ruwan da na goge masa baki da shi ta shafa wa ɗanta a ka.

Gadadhar Babu ya ja ni gefe. "'Yata, ke ba ki san waye mahaifinki ba. Shekara talatin ina zama gabansa. In zafi ya tsananta kowa na wari, shi kuwa numfashinsa ƙamshin kanumfari yake. Sattwa ce ke fitowa ta baki."

Na ce, "Kanumfari yake taunawa, Babu."

Ya yi mini murmushin da ake yi wa tababbe. Ni ma na san ƙamshin. Duk bazara, da la'asar, in Bapa ya fito karantarwa, shi ke riga shi fitowa.

Yanzu labari ya zaga ƙauyuka wai malam Dibakar Ratha, wato Bapa, ya ajiye abinci da kansa, yana kiran matarsa ta zo ta yi masa jagora. Bhaina ke ba da labarin, kullum yana ƙara masa gishiri.

Talata, 22 ga Afrilu, da sassafe

Na wanke shi. Ƙashin bayansa ya fara huda fata. Ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai rai, ya matse, ya ce Basi, hawaye na bin gefen da ya zube. Na ce Bapa ni ce, Jhunu. Ya sake ni ya juya ga bango.

Haushinsa nake ji. Na rubuta, ga shi nan. Mutumin nan sau ɗaya ya taka gidana, ya ƙi ko ruwa, wai randar tana ɗaki ɗaya da albasa. Prafulla mijina ya tsaya da kofi a hannu kamar mai bara. Yanzu ni ce mai kwashe kashinsa, kuma ba ni yake kira ba.

Laraba, 23 ga Afrilu, da rana

Zafi. Wuta ta ɗauke tun safe. Maƙwabta duk sun baje a inuwa da kwanonin jiƙaƙƙiyar shinkafarsu, ina jin suna kurɓar ruwanta ta kan katanga. Mu kuwa madara mai zafi.

Ina shekara tara na taɓa cin ta a gidan su Tuni ƙawata. Bapa ya shinshini bakina, ya sa Bou ta yi mini wanka da ruwan rijiya, ya ce abin da ya kwana ya mutu, mai cin mushe kuwa mushe ne. Bou tana cuɗa ni tana cije leɓe. Na ɗauka fushi take yi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Azumin sha ɗaya ga wata a lissafin addininmu, ba a ɗora shinkafa. Bhaina ya ce ga shi Bapa ya riga kowa.

Juma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Prafulla ya kira ina tsinke ganye da Minati a bayan ɗakin girki. Wayata ta lalace, sai a fili take magana.

"Jhunu, me kika ci yau?"

"Sattwa."

"Da miya ko gaya?"

Na yi dariya, ta farko tun zuwana. Da na kashe, Minati ta riƙe haɓa.

"Wai sunanki yake kira haka gatsal? Ku mutanen birni ba ku da ta ido. Ni yayanki sai dai ya ce, ke, kina ji? Bapa ma har Bou ta bar duniya wa ya taɓa jin sunanta a bakinsa?"

Ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Ita ba ta ji abin da ta faɗa ba.

Ni na ji. Kina ji, haka yake ce mata, ko uwar Niranjan in da baƙi. Ko ranar da aka ɗauke ta bai faɗi sunan ba. Mutumin da ya riƙe wannan kunya shekara hamsin ba zai zo yana kwarma sunan matarsa gaban ɗalibai ba.

Basi kuma ai ba suna kaɗai ba ne. Basi shi ne abin da ya kwana. Haka kowa a ƙasar nan ke kiran shinkafar da aka dafa da yamma aka zuba mata ruwa ta kwana ta yi tsami. Kullum sai na faɗi kalmar a gidana. Amma daga bakin Bapa? Kunnena bai yarda ya ji ta haka ba. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Na sami Bhaina shi kaɗai gaban shukar tulsi mai tsarki yana zuba mata ruwa. Na ce Bhaina, ba Bou yake kira ba, kwananniyar shinkafa yake so.

Bai juyo ba. "Rage murya."

"Abinci yake roƙo, muna tsaye muna masa waƙa."

"Ko da haka ne, ba shi ke roƙo ba, ciwon ne. Ginin shekara arba'in za ki rushe da kwano ɗaya?"

"Ya rayu tukuna, sai a yi zancen gini."

Sai ya juyo. "In ya ci ya mutu da shi a ciki fa? Kin san inda zai faɗa. Kina so mahaifinki ya tashi a cikin alade yana tonon juji? In kin ɗauka, ki ɗauka, amma a wuyanki." Ya ƙare da cewa bai yi mamaki ba, kowa abin da ke gindinsa yake tasowa.

Mai duban taurari ya ce Laraba mai zuwa rana ce mai albarka, wanda ya tafi a cikinta ya dace. Har sun sayo tabarmar ciyawar da za a sauko da shi kanta in lokaci ya yi. Tana jingine a baranda, sabuwa fil, kowa ya wuce sai ya shafa ta.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da rana

In kuma gaskiya ne fa?

Lahadi, da yamma

Na ga alade a bayan kasuwa, ya tura hanci cikin kwata. Na tsaya ina kallon idonsa kamar wata sakarai. Ni da nake yi wa karatun nan dariya a Katak. Ashe yana nan cikin ƙashina, ba inda ya je.

Albasa biyu na saya da ɗanyen barkono, na tura ƙasan jaka. Mai albasar ta san 'yar gidan waye ni. "Yau kuma?" in ji ta. Na ce ciwon kunne ne.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Yau ko ruwan bai karɓa ba, kalmar ma leɓe kawai ke yin ta.

Na ɗebi shinkafar yamma a tsohuwar tukunyar ƙasa, na zuba ruwa na rufe, na kai ɗakin saniya na tura bayan harawa. Saniyar ta bi ni da ido. In wuya ne, ga wuyana. Na gwammace in amsa laifin alade da in tsaya kallon wannan.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana



Bayan abincin rana duk gidan ya mutu da barci, ina jin minsharin sattwa ta ɗakin Bhaina. Na ɗauko tukunyar. Ta yi tsami daidai. Na sa gishiri, na yanka albasa, na murje shinkafar da hannu har ta yi laushi, na zuba a kwanon tagullar Bou.

Ban ko kai bakin gado ba hancinsa ya motsa. Ya buɗe ido. Na tallafo kansa na kai masa ruwan, ya kurɓa, ya kurɓa, ina jin yana sauka. Sai shinkafar, loma ƙanana. Ya tauna albasa da gefen bakinsa mai aiki, ruwa na zuba ta ɗaya gefen, ko a jikinsa. Ya ci fiye da rabin kwano.

Sai ya dube ni sosai, ba irin duban bango ba. Ya motsa baki, na sunkuya.

"Kina ji?" ya ce. "Tura ƙofa. Kada yara su gani."

Na tura ƙofar. Da na dawo ya miƙo tafin hannu a buɗe, yana jira. Na rasa me yake jira. Can na gane. Na je ɗakin girki na ɗauko kanumfari ɗaya na sa masa. Ya jefa a baki ya lumshe ido.

Duk bazara, da rana tsaka, Bou takan kore mu mu kwanta, ta rufe ɗakin girki su biyu. Da na yi wayo na ɗauka wani abu ne daban, har kunya nake ji. Ashe wannan ne. Ashe ranar da take cuɗa ni a bakin rijiya dariya take dannewa.



Laraba, 30 ga Afrilu, da yamma

Ranar albarka ta zo ta same shi a jingine da matashi yana bin ƙadangare da ido. Ya cinye kwano guda. Ɗalibai sun zo da furannin rakiya, suka rasa inda za su sa su. Gadadhar Babu ya sunkuya kusa da fuskarsa, ya ɗago da hawaye.

"Ƙamshin ya dawo," in ji shi.

An mayar da tabarmar ciyawa bayan ƙofa.

Alhamis, 1 ga Mayu, da safe

Ya ce "ruwa". Ya ce "zafi". Ni har yanzu Kina ji ce.

Na so in tambaye shi zancen kofin Prafulla. Wa zan tambaya? Wanda ya ƙi ruwan ba ya nan, wannan wani tsoho ne mai son albasa.

Asabar, 3 ga Mayu, ƙarfe huɗu saura

Ina tsugune a ɗakin saniya ina yanka albasa sai inuwa ta rufe ƙofa. Bhaina. Na ce to, yau ake yin ta. Ban ɓoye wuƙar ba.

Ya dubi albasar. Sannan ya ce, "Bou ba ta yankawa. Da dunƙulen hannu take fasa ta, ya fi son ta haka."

Na ajiye wuƙar.

"Tun yaushe ka sani?"

"Ina shekara goma sha ɗaya. Akwai tsaga a ƙofar ɗakin girkin."

"Ka san abin da yake roƙo. Tun ranar farko."

Bai musa ba. Ya dafa bayan saniya. "Shekara arba'in yana ci, Jhunu. Shi ya koya mini inda masu ci ke zuwa. Kullum in na kwanta sai in gan shi da ƙafa huɗu. Na ce ko makonnin ƙarshen nan su wanke shi, ya tafi da tsabta ko sau ɗaya."

Idonsa ya cika. Na kusa tausaya masa, na rantse na kusa. Sai ya share fuska da mayafi, ya ciro ɗan ƙullin kanumfari a takarda daga ƙugunsa ya ajiye kan murfin tukunyar.

"Mutane za su zo ƙarfe huɗu, har daga Bhadrak. Ki tabbata ya tauna biyu."

Na fasa albasa ta biyu da hannu. Ta fi ƙamshi kuwa, gaskiyar Bhaina. Bapa ya cinye tas, ya shanye ruwan, ya yi gyatsa. Na tura ƙofa tun kafin ya ce. Sai ya miƙo tafin hannu.

Ƙullin kanumfarin yana nan kan tukunya a ɗakin saniya, in ta ga dama ta ci. Ɓarin albasar da ya rage na sa masa a hannu. Ya dube shi, ya dube ni, ya kai baki.

Yana taunawa yanzu. Ga su can suna cire takalma.